Ku Tambaya Mu Amsa: Layi, Launi, Haske da Duhu a Aikin Zane

Wasiƙun wannan wata sun karkata ne kan zane da ƙawa, daga ɗalibai da masu sana'ar hannu. Mun taƙaita tambayoyin, mun miƙa su ga malaman zane da ke taimaka wa wannan fili.

Wani ɗalibin babbar sakandare daga Zariya: Malaminmu ya ba mu ginshiƙan zane guda bakwai mu haddace saboda jarrabawa. Na haddace, amma in na ɗauki fensir ban ga inda suke shiga ba.

Ɗanmu, ajiye littafin tukuna. Ɗauko tulu ka girke shi kan tabarma a bakin ƙofar ɗaki, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya. Iyakar da idonka ke bi daga bakin tulun, ta wuya, ta ciki, har gindi, ita ce layi. In layin ya zagayo ya haɗe da mafarinsa ya killace wuri, an sami siffa, kamar inuwar tulun a bango, mai tsawo da faɗi kawai. Tulun kansa kuwa yana da ciki da baya, kana iya rungumarsa, wannan shi ne jiki. Jan ƙasar da aka gina shi da ita launi ne. Gefen da ke kallon ƙofa ya yi fayau, ɗayan ya dushe: haske da duhu ke nan. Shafa tulun, shafa tabarmar, tafin hannunka zai gaya maka laushi da kaushi. Na bakwai shi ne fili, wato wurin da ba tulu: tazarar da ke tsakaninsa da bango da duk sararin da ya kewaye shi. Wasu littattafan shida suke lissafawa, wasu su ƙara ɗigo. Kada ƙidayar ta dame ka, ka ba malaminka yadda ya koyar.

In kana da takardar naira 20, juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya a nan ita ce Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja yau, a 1954. Nemi hotunan randunanta ka duba: jikin randar a cike, sannan ta bi shi da tsagaggun layuka, ta raba shi gida-gida, ta zaunar da ƙadangare ko kunama ko kifi a cikin gidajen, ta bar wani wurin sumul don ido ya huta. Duk abin da aka ba ka hadda yana jikin randa ɗaya. A garinku ma, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, kuma abin da suka dage a kai shi ne a haɗa dabarun aji da zanen gida.

Wata ɗaliba daga Katsina: Ina iya fitar da siffar abu daidai, buta ta fito buta, lemo ya fito lemo. Amma zanen a kwance yake kamar an bi shi da dutsen guga. Ko launi zan ƙara?

A'a, 'yarmu, launi ba zai tashe shi ba. Matsalar haske da duhu ce, kuma ita ce ta fi kowace yawa a ayyukan da muke gani, har na waɗanda suka daɗe a sana'a. Don haka za mu ɗan daɗe a nan.

Fara da tsani. Zana akwatuna biyar a jere, kowanne santimita 2. Na farko ki bar shi farin takarda. Na biyar ki cika shi da duhun da fensirinki zai iya bayarwa. Sai na uku, ki nemo tsaka-tsakin su biyun, sannan na biyu da na huɗu. Ki yi ta maimaitawa har tazarar kowane mataki da na kusa da shi ta zo ɗaya. Akasarin masu koyo a mataki na biyu da na uku suke ƙare rayuwarsu, suna tsoron baƙi, shi ya sa komai ke fitowa ruwan toka. Fensir ma yana da hannu a ciki. Wanda ake sayarwa a kowane shago HB ne, na rubutu. Masu harafin H sun fi tauri da haske, masu B sun fi laushi da duhu. Ki nemi 2B da 4B ko 6B. In kika ce sai kin danne HB ya ba ki baƙi, takardar za ta lotse ta yi sheƙi, kilina ma ba za ta goge ba.

Daga nan sai ƙwai. Ɗora farin ƙwai kan farar takarda, ki kashe ƙwan lantarki, ki bar taga ɗaya tak a buɗe. Haske biyu inuwa biyu yake jefawa, ya rikita mai koyo. Ki zuba ido sosai za ki ga abu biyar. Akwai ɗan wurin da ya fi ko'ina haske, wajen taga. Daga shi hasken yana raguwa a hankali. Sai wata ɗamara mai duhu da ta ratsa ƙwan, kuma ki lura, ba a can bakin ƙarshe take ba, ta ɗan shigo ciki. Bayanta, dab da gefe, duhun ya ɗan sassauta, domin takardar da ke ƙasa tana mayar da haske jikin ƙwan. Na biyar ita ce inuwar da ƙwan ya jefa kan takarda, wadda ta fi duhu daidai inda ya taɓa ƙasa, tana dushewa in ta yi nisa. Wannan ɗan baƙin da ke ƙarƙashi shi ke zaunar da abu. In babu shi, butarki za ta zama kamar tana shawagi a iska.

Kurakuran da ke biyo baya sanannu ne. Wata in ta gano hasken nan mai dawowa sai murna ta sa ta haskaka shi fiye da kima, har ya kai hasken gefen taga, nan take zagayen ya lalace. Komai haskensa, ɗan gidan inuwa ne, kada ya wuce mataki na uku a tsaninki. Wata kuma sai ta zagaye abin da baƙin layi mai kauri ɗaya tun daga sama har ƙasa, kamar an ɗaure shi da waya. Ƙwai ba shi da layi a jikinsa. Inda haske ya yi karo da duhu ne muke kira gefe. Ki sassauta layin a ɓangaren haske har ya kusa ɓacewa. Sai murza fensir da yatsa: maiƙon hannu yana kama takarda ya bar dabbare-dabbare. Nannaɗe 'yar takarda ta yi tsini ki murza da ita, ko ki jera siraran layuka kusa da juna, ki gitta wasu a kansu inda kike son ƙarin duhu.

Gwaji biyu ba sa ƙarya. Ki ƙanƙance ido kamar mai kallon rana, ƙananan abubuwa za su ɓace, manyan gungun haske da duhu su rage. Ko ki ɗauki hoton aikin da waya ki mayar da shi fari da baƙi. Wannan na biyun har ga masu fenti da masu ɗinki yana aiki: ja da kore da suke ta faɗa da juna a ido, sau da yawa toka iri ɗaya suke komawa, sai ki ga ashe zanen ba shi da ƙashi.

Wata mai zanen lalle daga Maraɗi: Ina cika hannun amarya da fure, lokacin da nake yi gwanin kyau, amma in an wanke sai ya cakuɗe, a hoto ma ba a gane komai.

Hajiya, abu biyu ne: kaurin layi da fili. Lalle yana ɗan bazuwa a fata kafin ya bushe, musamman in kwaɓin ya yi ruwa ko hannun yana gumi. Layuka biyu da kika jera da tazarar gashi, bayan awa ɗaya sun zama ɗaya. Ki bar tsakaninsu aƙalla kaurin layin kansa, in son samu ne ninki biyu. Kwaɓin ya kasance kamar man goge baki, ki tace garin da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin ledar ya riƙa fita a tsinke.

Sannan ki naɗe leda biyu, ɗaya mai ƙaramin baki kamar tsinin allura, ɗaya mai ɗan faɗi. Babban fure da reshensa da mai kauri, jijiyoyin ganye da ɗige-ɗige da siririn. In duk layukan kaurinsu ɗaya, ido bai san inda zai fara ba. Zaɓi wuri guda, tsakiyar bayan hannu alal misali, ya zama uwar zanen, sauran su yi mata rakiya, ki bar fatar da ke kewaye da ita ba komai. Mun san amare kan ce a cika, kuɗinsu suka biya. Nuna mata hotuna biyu daga nesa ta zaɓa da kanta. Jan lalle kuma ruwan lemo yake fara fitowa, sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu yake nuna, don haka ba a yanke masa hukunci ranar da aka wanke. Wanda ake haɗawa da baƙin rinin gashi don ya kama da wuri yana ƙona fatar wasu har ya bar tabo, a yi hattara da shi.

Wani mai rubutun allon shaguna daga Kano: In na haɗa fenti don in sami shunayya ko kore, sai ya koma ruwan kwata. Kuma wani allon ana cewa ba a iya karanta shi daga titi.

Malam, a makaranta ana koyar da cewa ja da shuɗi da rawaya su ne iyaye: rawaya da shuɗi su haifi kore, ja da rawaya ruwan lemo, ja da shuɗi shunayya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duk lokacin da ukun nan suka haɗu a gwangwani ɗaya, launin mutuwa yake yi. To jan fentin da ke kasuwa yawanci mai karkata ne zuwa ruwan lemo, wato akwai rawaya a ɓoye cikinsa. Ka zuba masa shuɗi, ka haɗa uku ke nan ba ka sani ba, sai ya ba ka ruwan makuba mai datti. Shunayya mai kyau tana son ja mai karkata zuwa ruwan hoda. In babu, gara ka sayi shunayyar a haɗe.

Kullum mai haske ake fara zubawa, a riƙa ɗiga mai duhu. Shuɗi ya fi rawaya ƙarfi nesa ba kusa ba: fara da cokali huɗu na rawaya, ɗaya na shuɗi, ka juya sosai, ka duba, sannan ka ƙara. In ka faro daga shuɗi, sai ka ƙarar da galan na rawaya ba ka kai inda kake so ba. Kada ka duhunta rawaya da baƙi, kore-kore zai koma. Ɗan ruwan ƙasa ya fi. Kowane launi yana da kishiya: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. A gefen juna suna ƙara wa juna kaifi, a cikin juna suna kashe juna, kuma wannan kisan yana da amfani, domin ɗigon kore a cikin ja shi ke ba ka inuwar ja mai kyau. Rubuta awon da ka yi a jikin gwangwanin, ka haɗa wanda zai ishi aikin gaba ɗaya, ka shafa a guntun katako ya bushe kafin ka amince, don launin fenti jiƙaƙƙe daban yake da busasshe. Buroshi da ruwan wankinsa ma, in sun yi datti, su ne launi na uku.

Maganar karantuwa kuwa, koma amsar da muka ba ɗalibar Katsina. Rawaya kan fari, ko ja kan kore, duhunsu ya yi kusa, daga nesa narkewa suke. Baƙi kan rawaya, fari kan shuɗi mai duhu, waɗannan ko daga cikin a-daidaita-sahu ana karanta su. Awon da masu wannan sana'a ke bi shi ne tsawon harafi santimita 2 da rabi ga kowace tazarar mita 3. Allon da ake son karantawa daga mita 30 yana son haruffa masu santimita 25. In mai shago ya kawo jerin kaya goma sha biyar da lambar waya uku, ka gaya masa gaskiya.

Wani magini daga Damagaram: An ba ni aikin ƙawata fuskar zaure da dagi irin na da, amma da siminti. In shafe shi da launuka ko in bar shi?

Maigida, ku da kuke da tsofaffin gidajen unguwar Birni a gabanku, malaman suna nan tsaye. Ku je ku dube su da hantsi, ku koma da la'asar sakaliya. Zanen da aka tayar a bango da inuwa yake magana: rana ta bugo shi a karkace, kowane tudu ya jefa baƙin layi a gefensa. Haka yake a tsofaffin gidajen Zariya da Kano, inda magina suka riƙa murza laka da hannu tun tana ɗanya, suka fitar da dagi da takobi, daga baya har keke da agogo da jirgin sama. Fuskar da rana ke gogar ta a karkace ba ta buƙatar fenti da yawa, launi ɗaya ko biyu sun isa. Wadda ke cikin inuwa yawancin yini ita ke neman launi ya raba tudu da kwari: kwarin mai duhu, tudun mai haske.

Wajen aiki, ku fara zana dagin a takardar buhun siminti da girmansa na gaskiya, ku ja layin tsakiya a tsaye da a kwance a bangon da igiya, don dagi in ya karkace ko yaro ya gani. A kowace mahaɗa, zare ɗaya ya hau, a ta gaba ya nutse, bi da bi. In biyu suka hau a jere saƙar ta warware. Tudun kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, mai kauri fiye da haka a tashi ɗaya tsagewa yake ko ya ɓanɓare. Kwano ɗaya na siminti, uku zuwa huɗu na yashi mai laushi tatacce. A farfasa fuskar bangon kaɗan, a jiƙa shi kafin a ɗora, a ɗan gangarar da saman kowane tudu don ruwan sama kada ya kwanta. A yi ta yayyafa ruwa har mako guda. Fenti sai bayan kamar mako huɗu. In aka yi gaggawa, danshi da gishirin siminti su tunkuɗo shi ya yi ta ɓarewa.

Wani matashi mai koyon ɗinkin hannu: Me ya sa farin aiki kan farar shadda yake fitowa, alhali launi ɗaya ne?

Saboda laushi da kaushi. Shadda sumul take, tana mayar da haske gaba ɗaya. Zaren da aka cusa ya yi tudu, kowane ɗinki da 'yar inuwarsa. Shi ya sa aska takwas ko tambari ke fitowa ko da zaren tsamiya ne kan fari. Mabugan rinannen yadi na garin Kura ma wannan suke yi ta wata fuskar: baƙin rini ɗaya ne, amma wanda ya sha bugu yana walƙiya, wanda bai sha ba a dushe. Ka riƙa sauya inda zare ya dosa daga gida zuwa gida, kuma kada ka ja shi da ƙarfi har yadin ya tattare.

Wani malamin firamare daga Gumel: Ɗalibaina in sun zana lungu, gidan ƙarshe da na farko girmansu ɗaya. Kuma ba mu da kayan aiki.

Malam, fito da su lungun su tsaya a tsakiya. Kowa ya miƙe hannu da tsinke, ya rufe ido ɗaya, ya auna ƙofar kusa da babban yatsa, sannan ya auna ta can ƙarshe. Za su yi mamakin ganin ta ƙarshen ba ta kai rabi ba. A takarda, a ja layi a kwance daidai tsayin idon mai kallo, a sa ɗigo ɗaya a kansa. Saman katangu yana gangarowa zuwa ɗigon, gindinsu yana hawa zuwa gare shi, amma duk abin da ke tsaye, ƙofa ko turken lantarki, a tsaye zai ci gaba da zama. Tazarar ƙofofi ma tana matsewa in ana nisa. Wani magini a birnin Fulorans na Italiya, Filippo Brunelleschi, shi ya tsara wannan lissafi a farkon ƙarni na 15. Akwai hanyoyin da suka fi shi sauƙi ga yara: abin da ke gaba ya rufe wani ɓangare na abin da ke baya, na kusa a sauko da shi ƙasan takarda, na nesa a dusashe shi. Lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan darasi, bishiyar kusa baƙa ƙirin, ta bayanta toka-toka, ta can hazo ya kusa cinye ta.

Kayan aiki kuwa, gawayin murhu ya fi HB ba da baƙi, bayan kwali da takardar buhun siminti sun isa. Jar ƙasa da farar ƙasa a daka a tankaɗe, a kwaɓa da ruwan ƙaro don su kama takarda, kamar yadda ake yi wa tawadar allo. Don laushi da kaushi, a ɗora takarda kan tabarma ko faifai ko ɓawon bishiya a goga gawayi a kwance. In akwai iyayen da ba sa son a zana mai rai, duk ginshiƙan zane bakwai ɗin ana koyar da su da tulu da ƙwarya da zayyanar allo ba tare da an rasa komai ba.

Wata mai tsara katin biki a kwamfuta daga Kaduna: Shuɗin da na zaɓa yana ƙyalli a kwamfuta, in an buga sai ya dushe.

Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Na'urar buga takarda kuwa da tawada huɗu take aiki, CMYK, kuma akwai shuɗi da kore masu ƙyalli da tawadar nan ba za ta iya kaiwa gare su ba. Tun farkon aiki ki sa fayil ɗin a CMYK, hotuna su kai ɗigo 300 a kowane inci, ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Ƙananan rubutu ki yi su da baƙi zalla, don in tawada huɗu suka haɗu a siririn harafi, da sun ɗan goce sai ya yi biyu-biyu. Takarda mai sheƙi tana riƙe kaifin launi, marar sheƙi tana shanye tawada ta dusashe shi. Kafin a buga ɗari biyar, a buga miki ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, ki fita da shi waje ki duba a hasken rana.